Sunan Minjibir Na Cikin Kundin Tsarin Mulki, Amma Mabuɗin Na Hannun Wa?

Duk wanda ya buɗe kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, ya wuce sassansa 320, ya kai ga rataye na farko da ke can ƙarshe, zai tarar da sunan Minjibir a rubuce cikin jerin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, tsakanin Makoɗa da Nasarawa. Ba kowace ƙasa ce ke yin haka ba. Kundin Amurka, wanda muka kwaikwayo tsarin shugaban ƙasa daga gare shi, ko kalmar ƙaramar hukuma bai ambata ba. Namu kuwa ya jera su ɗaya bayan ɗaya, guda 768, ya ƙara da yankuna shida na Abuja, jimilla 774.

Wannan rubutawa tana da nauyi. Babu gwamnan da zai wayi gari ya goge sunan, kuma ko harafi guda ba ya sauyuwa da sauƙi. Mutanen Kunchi, a arewacin Kano, sun ga haka da idanunsu. Da suka nemi a mayar da sunan ƙaramar hukumarsu Ghari, sai da ƙudirin ya bi ta Majalisar Dattawa da ta Wakilai, ya zaga majalisun dokokin jihohi, 'yan majalisar da ba su taɓa taka ƙasar Kano ba suka ɗaga hannu a kansa, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya sa masa hannu a watan Maris na 2023. Ƙasa guda aka tayar domin sauya suna ɗaya.

To, in har an tsare suna da irin wannan katanga, me ya sa aka bar asusun ƙaramar hukuma da akwatin zaɓenta da ƙasar nomanta a buɗe? Amsar tana cikin yadda aka gina kundin, kuma musamman cikin hanyar da ya shimfiɗa domin gyara kansa.

Kundin yana da babi takwas da rataye bakwai. Babi na farko ya kafa ginshiƙai: fifikon kundin a kan kowace doka, jerin jihohi, rabon iko, da hanyar gyara. Na biyu ya zayyana manufofin da ya kamata gwamnati ta sa a gaba, irin su ilimi da lafiya da walwalar jama'a. Na uku ya yi magana kan zama ɗan ƙasa, na huɗu kan 'yancin ɗan adam. Na biyar da na shida da na bakwai sun tsara majalisa da ɓangaren zartarwa da kotuna, na takwas kuma ya ɗauki Abuja da sauran tarkace. Mai karatu ya lura da abin da babu: ƙaramar hukuma ba ta da babi nata. An watsa maganarta ne a wurare daban-daban, kaɗan a sashe na 7, kaɗan a na 8, kaɗan a na 162, sai ayyukanta a rataye na huɗu. Haka ma rabon ikon yin doka da ke rataye na biyu: akwai jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke da hurumi a kansu, da jerin waɗanda Tarayya da jihohi ke tarayya a ciki, abin da ya saura kuma na jihohi ne. Babu jeri na uku.

Amma fa ayyukan da rataye na huɗu ya ɗora wa ƙaramar hukuma su ne waɗanda talaka ke cin karo da su kullum: kasuwa, tashar mota, mahauta, maƙabarta, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a harkar makarantun firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Mutumin Kunya ko Kantama ko Wasai zai iya shekara goma bai yi hulɗa da wata ma'aikatar Tarayya ba, amma ba zai yi mako guda ba tare da ya ratsa ta wani abu da ke wuyan ƙaramar hukuma ba. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Minjibir sun haura 200,000, yau kuwa Allah kaɗai Ya san adadinsu. Gwamnatin da ta fi kusa da su ita ce kundin ya fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Sashe na 7 ya fara da alkawari mai daɗin ji, cewa an lamunce mulkin ƙananan hukumomi ta hannun zaɓaɓɓun majalisu. A cikin jimlar nan dai kuma ya miƙa wa gwamnatin jiha ikon yin dokar da za ta tsara kafa su da fasalinsu da kuɗinsu da ayyukansu. Sashe na 162 ya ce ƙananan hukumomi suna da rabo daga asusun Tarayya, wanda a tsarin rabon da ake bi yanzu ya kai kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi na da 26.72, Tarayya na da 52.68. Sai ƙaramin sashe na 6 ya umarci kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa, inda za a zuba wannan kuɗi kafin ya isa ga masu shi. An ba da kaza, an riƙe igiyar ƙafarta.

Ba a rasa dalilin da ya sa abin ya zo a haka ba. Wannan kundi gadon soja ne. Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta kafa kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi a ƙarshen 1998, kwamitin ya saurari jama'a cikin ɗan gajeren lokaci ya ba da shawarar a koma ga kundin 1979 da 'yan gyare-gyare, aka fitar da shi a matsayin Dokar Soja ta 24 ta 1999, ya fara aiki ranar 29 ga Mayu. Gabatarwarsa ta ce mutanen Najeriya ne suka yi wa kansu shi, alhali ba a taɓa kai shi gaban masu zaɓe ba. Shi kansa na 1979 ya samo asali ne daga kwamitin mutum 49 ƙarƙashin Rotimi Williams, wanda gwamnatin Murtala Muhammed ta kafa a 1975. A zamanin ne aka yi garambawul na 1976 da ya rufe babin En'e, ya kafa ƙananan hukumomi 301 masu fasali iri ɗaya a faɗin ƙasa. Sojoji suka ci gaba da yanka su har suka kai 774 a 1996, lokacin Janar Sani Abacha. A ƙarƙashin soja, gwamna ma'aikaci ne da ake turowa a kuma ɗauke shi, don haka ba a damu da gina katanga tsakaninsa da ƙaramar hukuma ba. Da farar hula suka karɓa, gwamna ya zama mai jam'iyya, mai raba tikiti, mai riƙe da lalita, sai giɓin ya fito fili.

Yanzu mu zo ga mabuɗin, wato sashe na 9. Kafin a sauya wani abu a kundin, sai kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowane zaure na Majalisar Tarayya sun amince, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360. Lissafin da jimillar kujeru ake yi, wanda bai zo ba tamkar ya ƙi ne. Daga nan sai majalisun dokokin jihohi aƙalla 24 cikin 36 su amince. In kuwa gyaran ya shafi sashe na 8 mai maganar ƙirƙirar jihohi, ko shi kansa sashe na 9, ko babin 'yancin ɗan adam, to sai an sami kashi huɗu bisa biyar a Majalisar Tarayya. Juya lissafin ta baya ka ga inda ƙarfin yake: majalisun jihohi 13 sun isa su kashe kowane gyara, kuma ba sai sun ce a'a ba, shiru kawai ya wadatar.

Tsaurin kansa ba laifi ba ne, ya ma taɓa yi mana rana. Ranar 16 ga Mayun 2006 Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Ken Nnamani, ta binne ƙudirin da zai ba Shugaba Obasanjo damar zarcewa karo na uku. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga abin da ke faruwa idan shugaba ya tsallake irin wannan katanga: Tandja Mamadou ya shirya ƙuri'ar raba gardama ta tazarce a watan Agustan 2009, zuwa Fabrairun 2010 sojoji sun kifar da shi. Kundin da ake sauyawa kamar riga ba ya tsare kowa. Matsalar sashe na 9 ita ce waɗanda ya zaɓa su riƙe ƙofar. A ko'ina cikinsa babu inda aka ce a tambayi jama'a. Abin mamaki, kundin ya san ƙuri'ar raba gardama sarai: ya wajabta ta wajen ƙirƙirar sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma, ya kuma tanade ta wajen yi wa ɗan majalisa kiranye. Sai wajen sauya shi kansa ne kawai ya manta da masu zaɓe.

Tarihin gyare-gyaren ya nuna wane irin kaya ke wucewa ta wannan ƙofa. Shekara goma sha ɗaya aka yi ba a taɓa kundin ba. Sai da rashin lafiyar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ta jefa ƙasar cikin ruɗani, bayan ya tafi Saudiyya a watan Nuwamban 2009 ba tare da miƙa mulki a rubuce ba, har majalisa ta fake da hujjar larura ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi a Fabrairun 2010, sannan aka yi gyara na farko. Ya tanadi cewa idan shugaba ya yi kwana 21 bai aiko da takarda ba, majalisa za ta iya ba mataimakinsa riƙo. Gyara na biyu ya daidaita lokutan zaɓe, na uku ya ɗaga darajar kotun ma'aikata. Babban ƙunshin da majalisa ta bakwai ta sha wahalar haɗawa ya mutu a 2015 saboda Jonathan ya ƙi sa hannu. Daga wannan darasi aka koyi rarraba gyare-gyare zuwa ƙudirori daban-daban, don kada rubabben haƙori ɗaya ya ɓata baki duka. A 2018 aka rage shekarun tsayawa takara, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25.

Zagayen da ya fi koyar da darasi shi ne na baya-bayan nan. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a kan ƙudirori 68, ta amince da 44, ta aika wa jihohi. Guda 35 suka dawo da rinjayen da ake buƙata, Buhari ya sa hannu kan 16 a watan Maris na 2023. Cikin waɗanda suka tsira akwai faɗaɗa hurumin jihohi kan wutar lantarki, da mayar da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali zuwa jerin da jihohi ke da hurumi a ciki, da sauya sunayen wasu ƙananan hukumomi, har da Kunchi. Akwai kuma wanda ya umarci gwamnati ta fuskantar da manufofinta ga wadata ƙasa da abinci, sai dai an ajiye shi ne a babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da shi. (Tun 1976 Dakta Yusufu Bala Usman da Segun Osoba suka yi jayayya da irin wannan tsari a rahoton marasa rinjaye da suka rubuta a kwamitin Williams, kuma har yau maganarsu ba ta tsufa ba.) Cikin waɗanda suka mutu a hannun majalisun jihohi kuwa akwai ƙudirin soke asusun haɗin gwiwa da na ba ƙananan hukumomi 'yancin gudanarwa. Ba wannan ne karo na farko ba, domin a zagayen 2014 da na 2018 ma a nan maganar ta maƙale.

Duk abin da ke ƙara wa gwamna iko ya wuce salin alin. Abin da ke rage masa kuwa sai ya faɗi, ko ya wuce da jan ƙafa. A 2010 majalisun jihohi sun kasa tara rinjaye ko a kan ƙudirin da zai ba su, su kansu, 'yancin riƙe kuɗinsu. Sai a 2018 ya wuce. Majalisar da ta ji nauyin karɓar nata 'yancin, yaya za a sa ran ta ƙwato wa wani?

Da ƙofar gyara ta ƙi buɗuwa, sai aka bi ta taga. Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya kai ƙarar jihohi 36 gaban Kotun Ƙoli, ranar 11 ga Yulin 2024 kuma kotun, a hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi. An yi murna, kuma akwai abin murna. Haramta kantomomi ya yi daidai da lafazin sashe na 7 ba tare da wata tawili ba.

Ɓangaren kuɗin ne ke da rauni, kuma gara a faɗi hakan tun da wuri. Kotu ta duba manufar sashe na 162, ta ga jihohi sun ci amanar da aka ba su, ta ce adalci ya wajabta a tsallake su. Amma kalmomin da suka kafa asusun haɗin gwiwa suna nan daram a kundin, babu wanda ya goge su. Ikon da sashe na 7 ya ba majalisar jiha na yin doka kan kuɗin ƙananan hukumomi shi ma yana nan. Ba a yi wata huɗu ba Jihar Anambra ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumominta su mayar da wani kaso na abin da suka samu cikin asusun da jiha ke kula da shi. Hukuncin da wasu alƙalai suka gina kan fassara, wasu alƙalan za su iya sassauta shi da wata fassarar. Akwai kuma abin lura a tarihin masu ƙarar. A 2003 Bola Tinubu, yana gwamnan Legas, ya ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi 37, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, Kotun Ƙoli ta ce a 2004 shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙewa, amma sababbin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunayensu. Wanda ya tsaya wa ikon jiha jiya shi ne gwamnatinsa ta kai jihohi ƙara yau. Kujera ce ke sauya ra'ayi, shi ya sa bai kamata a jingina haƙƙin mutanen Minjibir ga niyyar wanda ke Abuja a wannan shekara ba.

Ko da kuɗin ya sauka kai tsaye, hannun wa zai faɗa? Sashe na 197 ya ba kowace jiha hukumar zaɓenta, gwamna ne ke naɗa shugabanninta, majalisar jiha ta tabbatar. Sakamakon sananne ne. A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 2018 da na 2021, APC mai mulki ta lashe kujerun shugabanni 44 duka. A na Oktoban 2024, NNPP mai mulki a lokacin ta lashe 44 ɗin duka, da kujerun kansiloli 484. Jihar da kowa ya sani a rabe take gida biyu a siyasa, jihar da zaɓen gwamnanta na 2019 sai da aka je zagaye na biyu, na 2023 kuma sai da ya kai Kotun Ƙoli, ita ce ake cewa babu ko mazaɓa ɗaya da 'yan hamayya ke da rinjaye. Wannan ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, ba kuma na Kano kaɗai ba, kusan kowace jiha haka take. Shugaban da ya san gidan gwamnati ne ya ba shi kujera, in aka turo masa kuɗi da safe, kafin la'asar ya san inda zai kai gaisuwa.

Akwai kulli na uku da ba a cika kawo shi cikin wannan muhawara ba, alhali ga mutumin Minjibir ya fi sauran zafi, wato ƙasa. Yankin nan na cikin karkarar da ke kewaye da Kano, inda gonaki ke manne da juna, ba a barin saura, ana noma fili ɗaya kowace damina da taimakon takin gida, kuma gado na ƙara tsaga gona ƙanana-ƙanana. Birni kuwa yana matsowa ta ɓangaren Ungogo da Gezawa, masu yankan fulotai na biye da shi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, amma gwamna ne ke ayyana inda ya zama birni, kuma da zarar ya ayyana, hurumin ya koma gare shi. Idan aka karɓe gona domin amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, gini ko bishiya ko amfanin gona, ita kanta ƙasar ba a biyan kuɗinta. Manomin da ya gaji fili tun kaka da kakanni sai a ƙirga masa 'yan itatuwan ɗorawa da mangwaro. Wannan doka ba ta gyaruwa kamar sauran dokoki, domin sashe na 315 ya ɗaure ta a jikin kundin tare da wasu uku, ciki har da dokar yi wa ƙasa hidima, ya ce ba a taɓa su sai ta hanyar sashe na 9. Ga shi kuma mun ga wanda ke tsaye a bakin wannan ƙofa.

Masu adawa da 'yancin ƙananan hukumomi suna da hujjoji, kuma ba duka ne na son rai ba. Malaman firamare ba su manta da farkon shekarun 1990 ba, lokacin da aka bar albashinsu a hannun ƙananan hukumomi, aka yi ta watanni ba biya, makarantu suka kasance a rufe saboda yajin aiki. Tsoronsu na gaskiya ne, kuma maganinsa shi ne a rubuta cikin gyaran cewa albashin malamai da ma'aikatan lafiya a cire shi tun daga tushe. Wasu kuma na cewa raba kuɗi ga shugabanni 774 raba sata ne kawai zuwa gida 774. Ban musa cewa za a yi sata ba. Sai dai ɓarawon da ke zaune a sakatariyar Minjibir, wanda ake haɗuwa da shi a masallacin Juma'a da wurin jana'iza, wanda aka san gidan ubansa, ya fi sauƙin tuhuma a kan asusun da ba wanda ya san abin da ya shiga cikinsa balle abin da ya fita.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa a tsarin tarayya na gaskiya, ƙananan hukumomi harkar jiha ce, a cire sunayensu daga kundin baki ɗaya, kowace jiha ta ƙirƙiri adadin da take so ta kuma ɗauki nauyinsu. Taron ƙasa na 2014, ƙarƙashin Mai Shari'a Idris Kutigi, ya karkata ga wannan. A bayan hujjar akwai wani ƙorafi da ya kamata mu Kanawa mu saurara ba tare da fushi ba: Legas na da 20, Kano na da 44, Jigawa da aka cire daga Kano a 1991 na da 27, kuma yawan ƙananan hukumomi na shafar rabon kuɗi. Ana iya zama a sake duba ma'aunin rabon. Amma a ce maganin gwamnan da ya danne ƙaramar hukuma shi ne a miƙa masa ita ɗungurungum, wannan kam ba ya shiga hankali. Kuma ba gaskiya ba ne cewa tarayya ba ta jure hawa uku. Indiya tarayya ce, a 1992 ta yi gyara na 73 a kundinta, ta ba majalisun ƙauyuka matsayi tabbatacce, ta wajabta zaɓensu duk shekara biyar, ta ware wa mata aƙalla kashi ɗaya bisa uku na kujeru. Kundin Barazil na 1988 ya lissafa ƙananan hukumomi cikin sassan da suka haɗu suka zama tarayyar. Kenya ma, wadda ba tarayya ba ce, ta kai kundinta na 2010 gaban jama'a suka amince, ya kafa gundumomi 47 da kason kuɗin da ba zai gaza kashi 15 cikin ɗari ba, ya kuma hana taɓa ginshiƙan wannan tsari sai da wata ƙuri'ar raba gardamar.

A ganina gyaran da ake buƙata bai da yawa: a goge asusun haɗin gwiwa da kalmomi bayyanannu, a rubuta wa'adin zaɓaɓɓun shugabanni a cikin kundin yadda ba mai rage shi, a raba hukumar zaɓen ƙananan hukumomi da hannun gwamna, a kuma wajabta wa kowace ƙaramar hukuma liƙa abin da ta samu da abin da ta kashe a inda jama'a za su gani, da harshen da suke ji. Na fi son a ce an gyara sashe na 9 kansa, yadda ƙudirin da ya wuce Majalisar Tarayya sau biyu jihohi suna kashe shi za a kai shi gaban masu zaɓe su raba gardama. Amma wannan na buƙatar sanatoci 88 da wakilai 288, sannan majalisun jihohi 24 su amince a rage musu iko, don haka ba na sa ran ganinsa nan kusa.

Majalisa ta goma ta ɗauko wani zagayen gyara, kwamitin Majalisar Dattawa ma ɗan Kano ne ke jagorantarsa, Sanata Barau Jibrin. A zaman jin ra'ayin jama'a an fi jin amon masu neman sababbin jihohi, irin su Tiga da Ghari, duk da cewa tun Jihar Tsakiyar Yamma ta 1963 babu gwamnatin farar hula da ta iya ƙirƙiro ko ɗaya. Hankalinmu kan tafi Abuja a irin wannan lokaci, muna kallon sanatoci a talabijin, alhali wurin da ƙudirin ƙananan hukumomi ya saba mutuwa yana nan kusa da mu. Majalisar Dokokin Jihar Kano na da kujeru 40, ɗaya daga ciki ta Minjibir ce, kuma matsayar da majalisar za ta ɗauka ƙuri'a ɗaya ce cikin 24 da ake nema. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari, da malaman makaranta da limamai da manoman rani na bakin madatsar Wasai, suna da damar su gayyaci wakilinsu tun kafin ƙudirin ya iso, su tambaye shi a bainar jama'a inda zai sa hannunsa, su kuma nemi majalisar ta kaɗa ƙuri'ar da sunan kowane ɗan majalisa a rubuce maimakon a yi ta da murya. Sashe na 110 ya ba masu zaɓe ikon yi masa kiranye idan fiye da rabin waɗanda suka yi rajista a mazaɓar suka sa hannu, bayan haka kuma akwai zaɓe mai zuwa, wanda INEC ce ke gudanar da shi, ba hukumar zaɓen jiha ba.